Malama Liya da Dokar Kwata na Biyu

Duk wanda ya taɓa bi ta bayan makarantar firamaren coci da ke Palladan da la'asar ya ji muryar Malama Liya Jatau, ko da bai ga fuskarta ba. Murya ce da ba ta buƙatar lasifika. Doguwar mace ce, irin dogayen nan da sai sun naɗe ƙafa kafin su shiga keke napep, shekararta arba'in da biyar. Da safe tana koyar da 'yan aji huɗu, da yamma kuma ta rataya usur a wuya ta koma kocin 'yan matan ƙwallon kwando. A Sabon Gari da Samaru ba kowa ya san sunanta ba, Malama Kwata Biyu ake ce mata. Wasu da ƙauna suke faɗa, wasu kuwa da shaƙiyanci, ita dai duk amsawa take yi.

Mahaifinta Jatau daga wani ƙauye bayan Giwa ya zo Samaru yana saurayi, ya kama leburanci a gonakin gwaji, a nan ya yi aure ya haifi 'ya'ya bakwai. Liya ce ta uku. Tana aji biyu na sakandare ta riga ta fi shi tsawo, har maƙwabta suna tsokanar uwarta wai me take zuba mata a kunu. Tsawon nan ne ya ja hankalin wani koci mai ƙungiyar 'yan mata a Sabon Gari. Ya gan ta a kasuwar Samaru, ya bi ta har gida, ya yi ta yi wa Jatau daɗin baki har ya yarda.

Shekara uku ta yi a ƙungiyar, kuma shekara ukun nan a benci ta yi su. Al'adar wurin ke nan. Sabuwar shiga ita ce mai share fili, mai ɗebo ruwa, mai wanke jesin manya, ranar wasa kuma mai tafi. In ta tambayi koci yaushe za ta shiga, amsa ɗaya ce: "Lokacinki na zuwa." In aka tattara duk mintunan da ta buga a wasan gaske, ba za su kai biyar ba. Wata Asabar Jatau ya hau kekensa tun daga Samaru ya zo kallon 'yarsa. Ya zauna a rana daga farkon wasa har ƙarshe, ba a ko dubi inda take ba. A hanyar komawa, tana zaune a bayan keken, ya ce mata, "To, ai kin iya tafi." Shi da wasa ya faɗa, don ya sa ta dariya. Ita kuwa ta yi kuka har gida, kuma ba ta ƙara komawa filin ba.

Ta yi kwalejin horon malamai, ta auri James mai walda a Chikaji, ta haifi 'ya'ya uku. Ƙwallo kamar ya fita daga ranta, sai da aka tura ta Palladan ta tarar da wani tsohon daɓen siminti a bayan ajujuwa, awaki na kwana a kai. Ta sa James ya haɗa ƙarafa biyu da zobe, ta sayi fenti ta ja layi da hannunta, ta tara 'yan matan unguwa, Hausawa da Ibo da Yarbawa da 'yan kudancin Kaduna, duk wadda iyayenta suka bari. Ta sa wa ƙungiyar suna Kibiyoyin Palladan. Ran da aka fara ta kafa doka guda, wadda ta jawo mata suna, ta kuma jawo mata magana.

Wasan ƙwallon kwando kwata huɗu ne, kowanne minti goma. Dokar Liya ita ce kwata na biyu na sababbi ne. Duk yarinyar da ta zo tirenin ba fashi, ko jiya ta fara riƙe ƙwallo, za ta shiga ta buga minti goman nan cif. Tsohuwar hannu ɗaya kawai take bari a cikinsu don ta riƙa jan su. Ko ana cin su, ko suna ci, ko wasan sada zumunta ne, ko na kofi, ba ruwanta.

Abin da ya biyo baya ba sai an faɗa ba. Kibiyoyi su wuce gaba da maki goma, a shiga kwata na biyu, makin ya narke. Sababbi su miƙa wa abokan hamayya ƙwallo hannu da hannu, su yi gudu da shi ba bugawa, akwai ma wadda ta taɓa jefawa a kwandonsu. Magoya bayan wasu ƙungiyoyi har haddace abin suka yi, in ana cin yaransu sai ka ji suna cewa, "Ku kwantar da hankalinku, kwata biyu na tafe." Sauran kociyoyi kan ce mata wasa ba aji ba ne, wanda ya iya shi ke shiga. Ita kuwa ta ce a tirenin babu rafali, babu ihun jama'a, babu agogo, to a ina yarinya za ta koyi tsayawa da ƙafarta in ba a cikin wasan ba? A kan wannan ta kafe, kuma Liya in ta kafe sai dai a gaji a bar ta.

Shekara goma aka yi a haka. Yara da yawa sun fito daga hannunta, wasu har jami'a suna bugawa. Kofi kuwa ko na roba bai taɓa shigowa Palladan ba.

Shugaban kwamitin wasanni na cocin, Dattijo Gregory, tsohon ma'aikacin reluwe ne, kuma ba mugu ba ne. Shi ya gyara daɓen da ya tsattsage, shi ke samo motar zuwa wasa. Amma mutum ne mai son ya ga sakamako da idonsa. Ga kuma wani matashi, Martins, da ya dawo daga kwas ɗin koci da takarda, yana yawo da bidiyon wasanni a waya. Ana saura wata guda gasar hutun Ista a Samaru, Dattijo ya tare ta bayan sujada.

"Malama, ba wanda ya ce ba ki iya ba," in ji shi. "Amma shekara goma muna yi wa wasu tafi. Wannan dokan naki ya ishe mu. Kwamiti ya zauna. In kofin Samaru bai zo ba, Martins zai karɓi yaran."

"Baba, yaran da na tara da hannuna?"

"Filin na coci ne, Malama. Ki kawo kofi, magana ya ƙare."

Ba shi kaɗai ba ne. Kyaftin ɗinta Precious, wadda wannan ce gasarta ta ƙarshe kafin ta tafi makarantar nas, ta biyo ta har bakin titi. "Koci, don Allah, wannan karon kawai. Shekara biyar ina bugawa ban taɓa ɗaga komai ba." James ma, da ba ya sa baki a harkar ƙwallo, ya ce, "Ki ci kofin ki riƙe yaranki. Bayan Ista ki koma wa dokarki, wa zai hana ki?" Maganar ta yi kama da hankali. Liya ta juya ta, ta sake juyawa, tsoron rasa ƙungiyar ya fi ƙarfinta. Ta ce a ranta wasa huɗu ne kawai.

'Yan wasanta goma ne a lokacin, tsofaffin hannu shida, sababbi huɗu. A cikin sababbin akwai Nonye Okechukwu, 'yar shekara goma sha biyar, haifaffiyar Sabon Gari, wadda Hausa ta fi zauna mata a baki a kan yaren iyayenta. Uwarta kayan miya take sayarwa a kasuwar Sabon Gari, agushi da busasshen kifi da manja. Wata shida da shigowarta, ba ta iya tsaron gida ba sam, amma tana da hannu. In ta tsaya bayan layin maki uku ta saki ƙwallo, sau da yawa sai dai ka ji raga ta yi fat.

Ɗakin wasan Samaru ba irin daɓen Palladan ba ne. Ƙasan katako ne mai santsi, allon kwandon gilashi, ga layuka kala-kala sun hau kan juna, na ƙwallon raga da na wasu wasannin. Abin da ya fi rikitarwa, layin maki uku guda biyu ne a kowane gefe. Akwai rawaya, tsohon layi na kafin a sauya ƙa'ida, wanda ba a taɓa gogewa ba. Akwai kuma fari, taku ɗaya a bayansa, shi ne mai aiki. A wasan farko Precious da kanta ta faɗa tarkon, ta jefa daga bayan rawaya, rafali ya ba ta biyu. Liya ta nemi hutun minti ɗaya, ta tara biyar ɗin da ke cikin fili da ta shida mai jiran canji, ta ja musu kunne a kan layin. Sababbin suna can ƙarshen benci suna jera ruwan leda a kula. Ba wanda ya kira su, tun da ba shiga za su yi ba.

Da aka busa ƙarshen kwata na farko, su huɗun suka miƙe kamar yadda suka saba, suna gyara igiyar takalmi. Liya ta yi kamar tana duba takarda.

"Koci, kwata biyu ya yi," in ji Nonye.

"Ku zauna."

"Mun yi laifi ne?"

"Ba ku yi komai ba. Ki zauna, lokacinki na zuwa."

Sai da maganar ta fita ta ji ashe ta tsohon kocinta ce. Kunya ta kama ta har wuya, amma ba ta janye ba. Suka ci wasan da maki goma sha ɗaya. Suka ci na biyu, suka ci na kusa da ƙarshe. Dattijo Gregory baki har kunne, yana zagayawa yana gaya wa mutane ai tun tuni ya faɗa. Liya kuwa kwana ukun nan ba ta yarda ta haɗa ido da ƙarshen benci ba. Sababbin ma sun daina miƙewa, sun koma tafi.

Wasan ƙarshe da 'yan gida aka yi shi, 'yan matan Samaru da suka girma a kan katakon nan. Ɗaki ya cika, 'yan Palladan sun zo da ganga da ƙungiyar mata zumunta ta coci guda. Wasa ya yi zafi, ba wanda ya tsere wa wani. Sai dai mutum shida sun buga wasa huɗu a kwana huɗu ba hutu, ƙafafu sun fara nauyi. A kwata na uku Peculiar, ɗaya daga cikin shidan, ta sauko a kan ƙafar wata, idon sawunta ya gurɗe, aka fitar da ita. Ana saura daƙiƙa ashirin a tashi, wata tsohuwar hannun, Favour, da gajiya ta sa take tsaro da hannu maimakon ƙafa, ta yi laifinta na biyar, rafali ya nuna mata benci. 'Yan Samaru suka jefa bugun laifin, allo ya nuna 47 da 44. Kibiyoyi na baya da maki uku, kuma babu sauran tsohuwar hannu.

Liya ta juya ƙarshen benci a karon farko. "Nonye! Shiga. In kin samu sarari bayan layin uku, ki jefa."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Hankalinta na kan agogo.

'Yan Samaru ba su ko kula yarinyar ba, mutum biyu suka rufe Precious. Precious ta kutsa, ta rasa hanya, ta hango Nonye tsaye ita kaɗai a dama, ta wurga mata. Nonye ta cafe. Ta dubi ƙasa kamar yadda aka koya mata, ta ga layi mai lanƙwasa a gaban takalminta, ta tabbatar ba ta taka shi ba, ta ɗaga ta saki. Ƙwallo bai ko taɓa zobe ba. Ƙarar tashi ta biyo baya.

Ganga ta ɓarke. Nonye ta daka tsalle, ta ruga ta rungume Precious, a zatonta an yi kunnen doki za a ƙara lokaci. Precious ba ta ɗaga hannu ba. Rafali na tsaye da yatsu biyu a sama. Liya ta riga ta gani tun ƙwallon na iska: yarinyar a bayan rawaya take, farin layi na bayan dugaduganta. Allo ya koma 47 da 46.

Sai da aka kama hannun Nonye aka nuna mata layukan biyu sannan ta gane. Ta tsaya tana kallon ƙasa, ta ce, "Ba wanda ya gaya mini." Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma Liya ta ji. Wani daga cikin 'yan kallo ya ɗaga murya, "Sabuwa ta zubar mana da kofi!" Yarinyar ta cire jesi daga kan rigarta ta ajiye a benci, ta fita, ba ta jira motar ƙungiya ba.

Ranar Lahadi kwamiti ya zauna a ofishin makaranta, aka kira Liya. Ta zo da shirin a sallame ta, sai ta tarar da fuskoki a sake.

"Malama, mun ga ƙoƙari," in ji Dattijo Gregory. "Maki ɗaya ne. Mun fasa maganan Martins. Kin dai gani da idonki yanzu: wasa uku ba sababbi, mun ci uku. Aka sa sabuwa na daƙiƙa ashirin, kofi ya tafi. Ki ci gaba da riƙe yaranki. Sharaɗi ɗaya ne, wannan dokan na kwata biyu a binne shi."

Ga ƙungiyarta an miƙo mata a hannu, abin da ta sayar da dokarta dominsa. Ba sai ta yi komai ba, kai kawai za ta gyaɗa. Ta dubi dattawan ɗaya bayan ɗaya, ta ji wani irin fushi, kuma ba da su take fushin ba.

"Baba, na gode. Amma ba haka aka yi ba. Yarinyan nan ta jefa ƙwallon da manya ma hannunsu zai yi rawa, kuma ya shiga. Da na bar ta ta buga kwata biyunta tun ran farko, da ta taka layin nan tun wasa bai da nauyi, rafali ya gyara mata kamar yadda ya gyara wa Precious. Da Favour ta huta minti goma kowane wasa, ba za ta kai laifi biyar ba. Ni na zaunar da su. Ni na zubar da kofin."

"To, mun ji, laifin naki ne. Mun yafe. Sharaɗin fa?"

"Sau ɗaya na karya dokan nan, Baba, kuma na ga abin da ya haifa. Ba zan ƙara ba."

"Malama, ki yi tunani. Shekara goma fa."

"Na yi."

Ta ciro makullin ɗakin ajiye ƙwallaye daga jakarta ta ɗora a tebur. Ta fito ta bi ta gefen daɓen da ta ja wa layi da hannunta, abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ta yi hawayenta a tafe ta share. Kashegari Martins ya karɓi Kibiyoyi.

Ran Laraba da aka tashi daga makaranta ta hau keke napep zuwa kasuwar Sabon Gari. Ta ratsa layin 'yan manja har rumfar Mama Nonye. Yarinyar na zaune a ciki tana ɓarar agushi, tana ganin ta ta sunkuyar da kai.

"Sannu o, Koci," in ji uwar. "Abeg ki yi haƙuri da ita. Tun ran nan ba ta cin abinci, ta ce ta kunyata ku. Na ce mata ta bar ƙwallon nan haka nan."

"Mama Nonye, ba haƙuri na zo karɓa ba. Bayarwa na zo yi."

Ta sunkuya ta shiga rumfar, ta durƙusa a gaban tiren agushin, mace mai shekara arba'in da biyar a gaban 'yar goma sha biyar. Masu rumfunan gefe suka bar ciniki suna leƙe.

"Nonye, dube ni. Kin ce ba wanda ya gaya miki. Gaskiya kika faɗa. Aikina ne in gaya miki, aikina ne in sa ki a fili tun ran farko, na ji tsoro na ƙi. Ke ba ki yi kuskure ba. Ki yafe mini."

"Koci, don Allah ki tashi, mutane na kallo."

"Su kalla. Kin yafe?"

Yarinyar ta gyaɗa kai, hawaye na ɗiga cikin agushin. Uwar ta jawo kujera ta tura wa Liya. Sannan Nonye ta ce, "An ce an ba Koci Martins tim."

"An ba shi. In kina so ki koma wurinsa, ba zan riƙe ki a rai ba, ya iya aiki. In kuma kina so ki biyo ni, Asabar ƙarfe huɗu. Ki gaya wa sauran ukun."

"A wane fili?"

"Ban samu ba tukuna."

Nonye ta dube ta, ta goge fuska da bayan hannu. "Ƙwallo fa?"

"Akwai ɗaya a gida, yana sacewa kaɗan."

"Zan zo da famfon babana," in ji yarinyar.

Liya ta miƙe ta karkaɗe gwiwoyinta, ta yi wa Mama Nonye sallama. Saura kwana uku Asabar. Ta fito bakin kasuwa ta tsayar da keke napep, ta ce wa direban ya kai ta Chikaji, amma ya tafi a hankali, domin za ta riƙa sauka tana duba bayan shaguna ko za ta samu fili.